Taron Zane da Ƙira: Yadda A Ke Raya Filayen da Aka Yi Watsi da Su a Birnin Nairobi

Da wuya a shiga babban birni a rasa filin da aka yi watsi da shi. Wani lambu ne da aka dasa tun zamanin Turawa, itatuwansa suka tsufa, kujerunsa suka kakkarye. Wani bakin rafi ne da ya zama juji. Wani kuwa ɗan sarari ne tsakanin gidaje wanda ba a san mai shi ba, sai awaki da rana, ɓarayi da dare. Irin wannan fili ba ya daɗewa a haka. Ko dai wani mai hali ya sami takarda ya kafa gini a kansa, ko kuwa shara ta cinye shi har a manta an taɓa shan iska a wurin. In kuwa ya tafi, to, ya tafi ke nan, gama ba safai a kan rushe bene don a mayar wa yara wurin wasansu ba.

Wannan takarda za ta bayyana wata dabara da a ke bi a waɗansu ƙasashe don ceton irin waɗannan filaye. Dabarar ita ce a tara mutanen unguwa, maza da mata da yara, a ba su takarda da alli da kwali da yumɓu, su zana filin yadda ya ke, sa'an nan su ƙera siffarsa yadda su ke so ya zama. A nan za a kira ta taron zane da ƙira. An ɗauki Nairobi, babban birnin Kenya, don misali, domin a can an gwada dabarar ta hanyoyi dabam dabam, an kuma ga inda ta yi amfani da inda ta kasa.

Yadda Nairobi Ta Sami Filayenta

An kafa Nairobi cikin 1899, sa'ad da masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa Tafkin Victoria suka yi zango a bakin wata fadama. Sunan daga harshen Masai ya fito, ma'anarsa ruwan sanyi. Da garin ya bunƙasa sai Turawan mulki suka raba shi bisa launin fata. Tuddai masu itatuwa na yamma da arewa suka zama nasu, Indiyawa suka zauna kusa da kasuwa, 'yan ƙasa kuwa aka tura su gabas, inda ƙasa ta ke baƙa mai riƙe ruwa. Babban tsarin garin da aka buga cikin 1948, wanda waɗansu masana daga Afirka ta Kudu suka shirya, bai kawar da wannan rabo ba. Saboda haka tun farko inuwa ta taru a gefe guda, jama'a kuma ta taru a ɗaya gefen. Kenya ta sami mulkin kai cikin 1963, birnin ya yi ta cika, har ƙidayar 2019 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 4.

'Yan filayen da su ke tsakiyar gari ma sai da aka yi gwagwarmaya kafin su tsira. Cikin 1906 wani attajiri ɗan asalin Karachi, mai suna Alibhai Mulla Jeevanjee, ya ba mutanen Nairobi kyautar lambu mai faɗin kamar eka 5, wanda har yanzu da sunansa a ke kiransa. Cikin 1991 aka yi niyyar gina kantuna da wurin ajiye motoci a kansa, sai jikarsa Zarina Patel ta tashi tsaye, ta nemi goyon bayan jama'a, har aka janye. Kafin wannan, cikin 1989, Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa cikin 1977, ta yi tsayin daka ta hana a kafa bene mai hawa 60 a Lambun Uhuru. Ta sha zagi da tsangwama a kan haka, amma ba a yi ginin ba. Ita ce aka ba Kyautar Nobel ta zaman lafiya cikin 2004.

Amma fa hana gini abu guda ne, raya fili kuma wani abu ne dabam. Lambun Jeevanjee ya tsira, duk da haka ya yi shekaru a lalace, mutane da yawa suna tsoron ratsa shi in rana ta faɗi. Abin da wannan ya nuna shi ne, filin da ba wanda ya ke ganin nasa ne, kullum yana cikin haɗari, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da Ya Sa Taron Baki Ba Ya Isa

Mai karatu zai ce, ai hukuma ta saba kiran taro ta ji ra'ayin jama'a. Gaskiya ne, a Kenya ma akwai irin wannan taro na hakimai, suna ce da shi baraza. Amma a dubi yadda ya kan kasance. Ma'aikaci ya kan zo da taswira wadda safiyo ya riga ya gama, ya manna ta a bango. Taswirar kuwa tana nuna fili kamar yadda shirwa ke ganinsa daga sama, da layuka da alamu waɗanda sai wanda ya koya zai gane. Sa'an nan a ce mai magana ya ɗaga hannu. Waɗanda za su ɗaga an san su tun kafin a zauna: masu gidajen haya, da shugabannin ƙungiyoyi, da waɗanda Allah ya hore wa baki. Mace mai ɗiban ruwa, wadda ta ke ratsa filin sau da yawa ko wace rana, tana can baya ba ta ce kome ba. Yaran da su ke wasa a wurin an kore su tun daga ƙofa.

Ta haka sai ya zama waɗanda suka fi sanin filin su ne suka fi yin shiru, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In an tashi sai a rubuta cewa an shawarci jama'a, a kawo 'yan kwangila su dasa furanni su kewaye da waya. Bayan shekara guda a tarar furannin sun bushe, an yanke wayar daidai inda tsohuwar hanyar ƙafa ta ke. Taron zane da ƙira an ƙago shi ne don maganin wannan, watau don a karɓe shawara daga baki a mayar da ita hannu, tun da ya ke wanda ba ya iya jawabi gaban manya yana iya ɗora ɗan dutse a inda ya ke son rijiya.

Asalin Dabarar

Dabarar tana da tushe fiye da ɗaya. A Amurka akwai Lawrence Halprin, masanin tsara lambuna da filaye, wanda matarsa Anna gwanar koyar da rawa ce. Cikin 1966 da 1968 suka tara ɗalibai masu koyon zanen gini da masu koyon rawa a yankin San Francisco, suka riƙa sa su tafiya da idanu a ɗaure don su ji wuri da kunne da tafin ƙafa, suka kuma sa su gina ƙauye da itacen da teku ta watso bakin gaɓa. Daga nan Halprin ya kai dabarar ga mutanen gari. A Charlottesville, cikin 1973, ya sa mazauna garin suka zaga titunansu a ƙasa suna bin umurnin da aka rubuta musu, suka komo suka zana abin da suka gani da abin da su ke so. Babban titin garin da aka hana wa motoci, aka dasa masa itatuwa, an buɗe shi cikin 1976.

A Birtaniya kuma akwai Tony Gibson, wanda ya gwada tasa hanyar cikin 1977 a Dalmarnock, wata unguwar talakawa a birnin Glasgow, aka san ta da sunan Planning for Real. Shi ya lura cewa a taro masu baki su ke cinye lokaci. Sai ya sa aka ƙera siffar unguwa da kwali, babba, wadda za a ɗora bisa tebura a kewaye ta, aka yi ɗaruruwan 'yan katuna, ko wane da hoton abu guda, kamar fitila ko itace ko wurin wasa. Kowa ya ɗauki katin da ya ga dama ya ajiye inda ya ke so, ba tare da an rubuta sunansa ba. Bayan haka a rarraba katunan kashi uku: abin da za a yi yanzu, da na nan gaba kaɗan, da na can gaba. Sau da yawa 'yan makaranta su ke ƙera siffar, su kuwa su kan jawo iyayensu su zo su ga aikinsu.

Tushe na uku a Kenya ya ke. Cikin 1976 da 1977 manoma da ma'aikata na ƙauyen Kamiriithu, kusa da Limuru, tare da marubucin nan Ngugi wa Thiong'o, suka farfaɗo da wata cibiyar jama'a da aka yi watsi da ita, suka gina dandalin wasan kwaikwayo da hannunsu, suka shirya wasa da harshen Kikuyu a kan zamansu. Gwamnati ta hana wasan, ta tsare Ngugi a ƙarshen 1977, aka kuma rushe dandalin cikin 1982. Wannan ya nuna tun da wuri cewa jama'a in sun haɗu suna tsara wurinsu, maganar ba ta tsayawa ga itatuwa, ta kan kai ga tambayar wa ke da ƙasa.

Yadda A Ke Gudanar da Taron

Ko wace ƙungiya da irin salonta, amma galibi aikin ya kan bi matakai biyar. Na fari shi ne zagaye. Masu shirya taro da mutanen unguwa su kan taka filin tare, da safe da kuma da yamma, ana tsayawa ana tambaya: ina ruwa ke kwanciya da damina, ina a ke zuba shara, wace kusurwa ce mata ba su bi in duhu ya yi. A kan ware mata dabam, samari dabam, yara dabam, domin abin da yarinya za ta faɗa cikin 'yan'uwanta ba za ta faɗe shi gaban kawunta ba.

Na biyu shi ne zane. Ko wane rukuni ya zana filin bisa babbar takarda, ko ma a ƙasa da tsinke. Ba a neman daidaiton awo a nan. Abin da a ke nema shi ne a ga abin da kowa ya girmama a zanensa da abin da ya manta. Tsofaffi su kan zana abin da ke wurin dā, kamar itacen da aka sare ko idon ruwan da ya ƙafe, ta haka kuwa a kan gane inda ƙasa za ta karɓi dashe.

Na uku shi ne ƙira, watau a yi siffar filin da kwali ko yumɓu ko katako, a bar mutane su ɗora abin da su ke so, su ɗauke, su sāke. Amfanin siffa shi ne gardama ta kan koma kanta. Maimakon mutum ya dubi idon maƙwabcinsa ya ce bai yarda ba, sai ya matsar da ɗan kwalin ya ce a gwada nan. Kuma gani ya kori ji: in an ɗora filin ƙwallo aka ga ya rufe hanyar masu ɗiban ruwa, ba sai an yi dogon bayani ba.

Na huɗu shi ne zaɓe da lissafi. A nan injiniya da mai zanen gini su ke da bakin magana. Su za su faɗi kuɗin ko wane abu, da abin da ƙasar wurin za ta iya ɗauka, da abin da doka ta hana. Sa'an nan jama'a su jera bukatunsu, su san abin da za a fara da abin da zai jira. Na biyar, wanda ya fi duka wuya, shi ne yarjejeniya a kan riƙo: wa zai share, wa zai yi ban ruwa, wa zai riƙe mabuɗi, ina kuɗin gyara zai fito. Taron da aka tashi ba a yanke wannan ba, wasa aka yi.

Misalin Kibera

Kibera tana kamar mil 4 kudu maso yamma da tsakiyar Nairobi. Asalinta wurin zama ne da Turawa suka ba sojojin Nuba 'yan asalin Sudan waɗanda suka yi musu aiki, sunan kuwa daga kalmarsu ta kibra ya fito, watau kurmi. Yau babu kurmin. Unguwa ce mai cunkoso, gidajen laka da kwano manne da juna, ƙidayar 2009 ta ba ta mutum 170,070, ko da ya ke waɗansu suna ganin sun fi haka. Kogin Ngong da ƙoramunsa suna bi ta gefenta zuwa madatsar ruwan Nairobi, wadda aka gina cikin 1953. Da ya ke ba a kwashe shara sosai, masai kuma ya yi ƙaranci, sai bakin ruwan ya zama juji, in an yi ruwan sama kuma ya yi ambaliya ya shiga ɗakuna. Sararin da ya rage a Kibera galibi irin wannan ne, wanda ba mai iya gini a kansa.

Cikin 2006 waɗansu ɗalibai shida na makarantar zanen gini ta Jami'ar Harvard, ɗaya daga cikinsu ɗan Kenya, suka kafa ƙungiya mai suna Kounkuey Design Initiative. Kalmar farko ta harshen Tailan ce, ma'anarta a san abu ciki da waje. Suka haɗa kai da wata ƙungiyar mazauna da ke kusa da madatsar ruwan, suka yi ta zama da su ana zagaye da zane da ƙira. Abin da ya fito daga zaman shi ne, mutanen ba lambun kallo su ke so ba, gama mai neman abincin yau ba shi da lokacin ban ruwan furanni. Suna son a tsare ambaliya, a sami hanyar ƙetare ruwa, da wurin taro, da abin da zai kawo ɗan kuɗi.

Aka kwashe sharar da aikin gayya. Aka ƙarfafa gaɓar ruwa da duwatsu da aka ɗura cikin ragar waya, aka yi gada, da rumfar taro wadda ta kan zama makaranta a ranakun aiki, da wurin wasan yara, da lambun kayan miya. Sharar da ke ruɓewa aka mai da ita taki ana sayarwa. Wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, wadda ta rufe madatsar, mata suka riƙa busar da ita suna saƙa kwanduna. Daga ribar waɗannan a ke cire kuɗin gyaran wurin.

Bayan wannan ƙungiyar ta yi irin aikin a wurare fiye da 10 cikin Kibera, waɗansu da famfon sayar da ruwa, da wurin wanki, da masai da wurin wanka na biya. Hanyar da ta ke bi abar lura ce. Ba ita ke zaɓen fili ta je ta nemi mutane ba. Ta kan yi shela, ƙungiyoyin mazauna su kawo filin da su ke so a gyara, su nuna irin aikin da suka riga suka yi tare. Ta haka tun kafin a ɗauki alli an san hannun da zai riƙe wurin.

Ƙira da Kwamfuta

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mazaunin 'yan Adam, wadda a ke kira UN-Habitat, a Nairobi hedkwatarta ta ke. Cikin 2012 ta ƙulla yarjejeniya da Mojang, wani kamfanin ƙasar Suwidin mai wasan kwamfuta da a ke kira Minecraft, suka sa wa shirin suna Block by Block. A cikin wasan mutum ya kan jera 'yan tubala masu kusurwa huɗu ya gina abin da ya ga dama, sa'an nan ya shiga ciki ya zaga kamar mai tafiya a ƙasa. Sai aka ga ai wannan siffar Gibson ce ta koma cikin kwamfuta. A kan ɗauki hotuna da taswirar fili a gina kwatankwacinsa cikin wasan, a tara mutane kwana biyu ko uku, 'yan ƙalilan ga ko wace kwamfuta, su gyara shi yadda su ke so, ko wane rukuni ya nuna nasa gaban ma'aikatan hukuma. Filin wasa na Undugu a Kibera da Lambun Jeevanjee suna cikin wuraren farko da aka gwada shi, daga baya ya bazu ƙasashe da yawa.

Wannan hanya tana da amfani biyu. Mutum yana ganin filin daga inda idonsa ya ke, ba daga sama ba, har ya iya mai da rana dare ya ga inda duhu zai taru. Kuma yara su ke zama malamai, gama su su ke saurin gane wasan, sai babba ya bukaci yaro ya taimake shi. Amma tana da nata aibi. Tana bukatar lantarki da kwamfutoci. Tsoho wanda bai saba ba ya kan ja da baya. Mafi girma kuma, a cikin wasan tubali ba shi da tsada, mutum ya kan gina tafki da bene cikin minti kaɗan, in ba a bi da lissafin kuɗi ba sai a tashi da buri wanda ba mai iya cika shi.

Inda Dabarar Ta Ke Kasawa

Kada a ɗauka taron zane da ƙira maganin kome ne. Abu na fari da ya fi ƙarfinsa shi ne mallakar ƙasa. Yawancin mazauna Kibera 'yan haya ne a kan ƙasar da ba su da takardarta. Sai cikin 2017 gwamnati ta ba jama'ar Nuba takardar eka 288, alhali abin da aka keɓe tun zamanin Turawa ya fi eka 4,000. A watan Yuli na 2018 aka rushe gidajen dubban mutane a Kibera don a fitar da sabon titi. Bayan babbar ambaliyar da aka yi a watannin Afrilu da Mayu na 2024, gwamnati ta ba da umurni a rushe gine-ginen da ke cikin mita 30 daga bakin kogunan birnin, talakawa da yawa suka rasa matsuguni. Watau ana iya samun koren bakin kogi ta hanyar korar mutane, kamar yadda a ke iya samunsa ta hanyar shawara da su, wanda ya ga itatuwan daga nesa kuwa ba zai san wace hanya aka bi ba.

Na biyu shi ne yaudara. Cikin 1969 wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein ta kwatanta shigar jama'a cikin shawara da tsani mai matakala 8. A ƙasa akwai inda a ke juya mutane kawai, a tsakiya akwai inda a ke jin ta bakinsu amma ba a aiki da shi, a sama kuwa inda iko ya ke hannunsu. Ana iya raba wa yara alli mai launi, a ɗauki hotunansu a sa cikin rahoto, alhali an riga an ba da kwangila. Irin wannan taro ya fi rashinsa muni, domin in an sāke kiran mutanen ba za su zo ba. Ma'aunin gaskiyar taro shi ne a aza zanen ƙarshe kusa da siffar da jama'a suka ƙera, a ga abin da aka ɗauka, abin da aka bari kuma a faɗi dalili.

Na uku yana cikin jama'ar kanta. Ƙungiyar da aka ba riƙon fili tana iya mai da shi nata, ta sa ƙofa, ta tsawwala kuɗin shiga, har wanda aka yi domin shi ya koma leƙe daga waje. Kuma in wuri ya gyaru masu gidaje su kan ƙara kuɗin haya, waɗanda suka kwashe sharar da hannunsu su tashi. Saboda haka wajibi ne a rubuta sharuɗɗan riƙo, a karanta su a bainar jama'a, hukumar gari kuma ta sa hannu. Cikin 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawari cewa kafin 2030 kowa zai sami filin shan iska mai aminci, musamman mata da yara da tsofaffi da naƙasassu. Cika wannan alkawari aikin hukuma ne, taron unguwa ba zai ɗauke mata shi ba.

Abin da Ya Shafi Malamai a Ƙasar Hausa

Rassan wannan dabara sun taɓa isowa ƙasar Hausa ta hanyar wasan kwaikwayo. Tun daga 1975, sa'ad da Michael Etherton ya fara koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai su kan shiga Samaru da ƙauyukan kewayen Zariya, su ji matsalolin mutane, su shirya wasa a kansu, su nuna a fili, a tattauna. Matakan zagaye da saurare da nunawa duk ɗaya ne da waɗanda aka bayyana a sama. Filayen da za a yi wa aikin kuma ba su ɓuya ba. Kududdufan birnin Kano, waɗanda aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini, Barth ya gan su cikin 1851. Su ne ke shanye ruwan damina, yanzu kuwa da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, unguwannin suna fama da ambaliya. Gefen badala da tsofaffin dandali su ma haka.

Malamin makarantar horon malamai yana iya gwada abin ba tare da kuɗi mai yawa ba. Ya zaɓi fili ɗaya kusa da makaranta, ya nemi izinin mai unguwa, ya fara binciken wanda ke da ikon ƙasar kafin ya tara kowa. Ɗalibai su auna filin a darasin lissafi, su zana shi a darasin labarin ƙasa, su ƙera siffarsa da yumɓu a darasin aikin hannu. A darasin Hausa kuma su bi tsofaffi su rubuta sunan wurin da dalilin sunan, da itatuwan da ke nan dā, da irin wasannin da a ke yi a ciki. Sa'an nan a kai siffar ƙofar gidan mai unguwa, a kuma shiga da ita gidaje don matan da ba su fita su sa hannu. In an kai ga maganar riƙo, malam ya ja da baya ya bar masu unguwa su yanke, domin ɗalibai za su gama karatu su tafi, su kuwa suna nan tare da filin.